Bahago da Ƙahon Keke

A layin masu gyaran keke, rumfa ta bakwai daga bakin kwalta, nan Bahago ya yi shekara goma sha tara yana aiki. A duk shekarun nan babu mai iya tuna ranar da aka ce masa bari ya bari. Ba mafaɗaci ba ne, ko muryarsa ba a cika ji ba. Sai dai in ka ba shi shawara zai saurare ka har ka gaji, ya gyaɗa kai, ya yi maka godiya, sannan ya juya ya yi abin da ya yi niyya tun farko.

Ba da hagu aka haife shi ba. Yana ɗan shekara ashirin da biyu, lokacin yana lodin kaya a tasha, buhun siminti ya kuɓuce daga bayan mota ya sauka a wuyan hannunsa na dama. Aka ɗora, ƙashi ya kama a karkace. Hannun yana riƙo, amma ba ya murɗawa. Masu lodi suka yi masa fatan alheri suka sallame shi, ya yi wata biyar yana yawon neman aiki, kowa ya dubi hannun sai ya ce ya dawo wani lokaci. Wanda ya ɗauke shi shi ne mai rumfa ta farko a layin, wanda yau kowa ke kira Shugaba saboda shi ke riƙe da ƙungiyar masu gyaran keke, Bahago kuwa Baba yake ce masa. Baba ya dubi hannun, bai ce sannu ba, bai nuna tausayi ba. Ya ja akwatin kayan aiki daga dama ya mayar da shi hagu, ya danƙa masa sifana a hannun hagu, ya nuna masa noti. Shekara bakwai ya yi a ƙarƙashinsa kafin ya buɗe tasa rumfar, kuma har ya yi furfura Baba bai daina ce masa yaron nan ba.

Maganar ƙaho ta samo asali ne daga hannun nan. Da kekunan hawan dutse suka fara shigowa cikin kayan gwanjo, masu tayoyi masu kauri da kai miƙaƙƙe kamar sanda, Bahago ya sayi ɗaya don zuwa aiki, domin gidansa tafiyar awa guda ce. Keke ya yi ƙwari, ba ya tsoron rami, amma miƙaƙƙen kan nan dole sai ka kifa tafin hannu a kansa, abin da hannun Bahago ba ya iyawa ke nan. Kafin ya iso rumfa yatsunsa sun mutu, sai ya yi rabin awa yana yarfe su. Rannan yana tonon tarin ƙarafa a wajen masu gwangwan sai ya ci karo da kan keken tsere, irin lanƙwasasshen nan da ke murɗewa ƙasa kamar ƙahon rago. Ya riƙe shi kawai don ya ji nauyinsa, sai hannun ya zauna daidai, kamar yana gaisawa da mutum. Ya daɗe a tsaye a wurin har mai gwangwan ya tambaye shi ko lafiya.

Ɗora ƙahon bai zo da sauƙi ba. Keken dutse dogo ne, da ya sa ƙahon a kan wuyansa na asali sai ya ga ya miƙe a kai kamar mai rarrafe, dole ya nemo gajeren wuya mai tsayi sama. Wannan ƙaramin abu ne. Babban shi ne birki. Ranar da ya fara gwadawa a gangarar bayan kasuwa, ya matse hannun birki har ya manne da ƙahon, keke ko gezau, ya ci gaba da gudu abinsa. Tarin yashin magina ne ya karɓe shi. Ya koma gida da yashi har cikin kunne, matarsa, wadda tela ce, ta yi dariya har ta dafa keken ɗinkinta, sannan ta ɗora masa ruwan zafi.

Sati uku yana juya abin a ransa kafin ya gane. Hannun birkin da ke zuwa da ƙaho waya kaɗan yake ja. Birkin keken dutse kuwa sai an ja masa waya da yawa kafin robarsa ta ciji ƙarfen taya. In ka haɗa su haka nan, a fili birkin zai yi kamar yana kamawa, ranar da ka hau gangara da kaya ne za ka san ƙarya yake yi. Maganin kuma a ɗakin matarsa ya same shi, yana zaune yana kallon ta tana naɗa zare a kwarkwaron keken ɗinki. Ya je wajen mai injin yankan ƙarfe ya sa aka fitar masa da ɗan kwarkwaro mai hawa biyu, ƙarami da babba. Waya ta shiga ta ƙaramin ta fita ta babban, in hannu ya ja ɗaya birki ya sami biyu. Ya koma gangara, keke ya tsaya cak kafin kwalbati.

Daga ranar ya kafa wa kansa doka. Duk keken da ya sa wa ƙaho, sai ya ɗaura buhun yashi a bayansa, ya hau da kansa, ya sake shi a gangarar nan. In bai tsaya kafin kwalbati ba, ba zai bar rumfa ba, ko mai shi zai yi kuka.

'Yan layi suka samu abin dariya. Suka sa wa kekunan suna raguna. In ya wuce sai wani ya tambaye shi ko ya ba shi dusa yau, wani ya ce a ɗaure shi kada ya tunkuyi mutane. Baba ma ya sha faɗa a gaban jama'a cewa wanda ya ƙera keke ya fi yaron nan sanin irin kan da ya dace da shi. Bahago ya gyaɗa kai, ya yi godiya, ya ci gaba. Amma ma'aikatan kamfani da ke tafiya mai nisa suna fuskantar iska suka gano cewa in sun sunkuya a ƙahon tafiya na raguwa. Masinjoji suka gano cewa hannu na samun wurin hutu uku maimakon ɗaya. Kafin shekara biyu, gaban rumfa ta bakwai ya cika da kekuna, rumfa ta farko kuwa sai faci da ɗaurin sarƙa. Dariyar ta ragu, harara ta ƙaru. Duk da haka babu wanda ya taɓa takowa ya ce masa nuna mini, shi ma bai bi kowa da koyarwa ba.

Sai aka wayi gari wani mai kai ƙwai shaguna ya sauko gangarar bayan kasuwa da kiret shida a bayan rago, birki ya ƙi, ya daki kwalbati. Ƙashin kafaɗarsa ya karye. A hannun dillali ya sayi keken da ƙahonsa a kai, dillalin kuma ya ce kekuna da yawa ke bi ta hannunsa, ba zai iya tuna inda ya samo wannan ba. Ba a ma tsaya dogon bincike ba. Duk garin wa ke sa ƙaho in ba Bahago ba?

Washegari da hantsi aka tara ƙungiya a rumfar Baba. Wan mai ƙwai ya zo da keken a kafaɗa ya jefar a tsakiya, ya ce in ba a ɗauki mataki ba zai kai ƙara, kuma layin gaba ɗaya zai shafa. Sakataren ƙungiya, wani dogo mai son jin muryar kansa, ya karanto abin da aka riga aka yanke tun kafin a zauna: ko Bahago ya daina sa ƙaho ya kuma cire na rumfarsa duka, ko ya bar layin cikin mako guda. Baba na zaune a kujerarsa, ya sunkuyar da kai yana goge wani noti da bai da datti.

Bahago ya ce a bar shi ya ga keken tukuna. Ya tsuguna. Abu na farko da ya nuna musu shi ne babu kwarkwaro a birkin, ya ce shi kuwa bai taɓa sakin keke babu shi ba. Sakatare ya ce ai shi ke nan, ya manta ne, ga shi ya faɗa da bakinsa. Aka yi ta hayaniya. Bahago bai kula su ba, ya bi ƙahon da hannu. Busasshen ƙwai da ƙasa sun lulluɓe shi. Ya sa farce ya kankare kusa da wuya, inda naɗin roba ke ƙarewa, sai ya ji waya.

Shi da tsohon tib na taya yake naɗe ƙaho, matarsa ke yanka masa shi siri-siri da almakashinta, in ya kai ƙarshe ya ƙulle. Wannan kuwa da jan waya aka ɗaure shi, zagaye uku, an tanƙwasa bakin an cusa ƙasa don kada ya soki hannu. Shekara bakwai yana kallon yatsun da ke yin wannan ɗauri. Rabin mutanen da ke zaune a wurin ma a rumfar nan suka koyi aiki, da za su gani, ko yaro ba sai an gaya masa ba.

Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ba kwaikwayon ne ya ƙona masa rai ba. Abin da ya ƙona masa rai shi ne rumfa biyar kacal ke tsakaninsa da Baba, kuma tsohon ya gwammace ya karya ƙashin bawan Allah da ya tako ya tambayi wanda ya koya wa riƙon sifana. Ya ɗaga kai ya dubi Baba. Baba bai ɗago ba, amma hannunsa ya daina goge notin.

Bahago ya rufe wayar da karkataccen hannunsa, ya warware ta da hagu a ɓoye, ya zura a aljihu. Babu wanda ya lura. Ya miƙe ya karkaɗe gwiwa.

"Wannan ba aikina ba ne, kuma wanda ya yi ya san kansa," in ji shi. "Ƙaho kuwa ba zan daina sawa ba. Ku ƙirga kwanakinku."

Sakatare ya ce in ba aikinsa ba ne ya faɗi na wane ne. Bahago ya ce shi gyaran keke ya koya, bai koyi tonon asiri ba. Ya ɗauki keken mai ƙwai ya saɓa a kafaɗa, wan mai ƙwai na tambayar ina zai kai shi, ya ce asibitin kekuna.

Da yamma ya ajiye wayar a kan teburin keken ɗinki. Matarsa ta san ɗaurin, domin har kujerar da take zaune a kai Baba ne ya taɓa ɗaure mata ƙafarta da irinsa. Ta tsayar da ɗinki. Ta ce gobe da sassafe ya kai wa ƙungiya, in shi ba zai iya ba ita za ta sa mayafi ta kai. Ta tuna masa shekara goma sha tara, ta tuna masa yara uku a makaranta, ta tuna masa cewa sunan da aka ɓata nasa ne, kuma da shi yaran ke amsawa. Duk ya saurara, ya gyaɗa kai yadda ya saba.

"Baban yara, kada ka gyaɗa mini kai, ni ba 'yar ƙungiya ba ce," in ji ta. "Ya zauna yana kallo ana korarka, kai kuma kana rufa masa asiri?"

"Ranar da kowa ya dubi hannun nan ya kau da kai, shi ya juya mini akwati," in ji Bahago. "Shekararsa saba'in da huɗu. In suka tsige shi, ina za shi? Ni ko a ƙarƙashin bango na zauna, kekuna za su same ni."

Ta ce taurin kansa ne zai kashe su duka. Ta yi kwana biyu ba ta yi masa magana ba, amma a rana ta uku ya tarar da tib a yanke siri-siri an naɗe masa a cikin jaka.

Makon nan Bahago bai ɓoye komai ba. Da can cikin rumfa yake aikin ƙaho, yanzu ya fito da benci waje, tsakiyar hanya, inda duk mai wucewa sai ya kauce masa. Ya miƙe tayar keken mai ƙwai, ya sauya waya, ya sa kwarkwaro gaba da baya. Rana ta biyar da tsakar rana, lokacin da layin ya fi cika, ya aika aka kira wan mai ƙwai. Bai ɗaura buhun yashi ba wannan karon. Kiret shida na ƙwai ya aro a shagon kusa, ya jera a baya ya ɗaure, ya tura keken har saman gangara. Mutane suka bar aikinsu suka fito. Ya hau, ya sunkuya a ƙahon, ya saki keke, rigarsa na kaɗawa. Mai shagon da ya ba da aron ƙwai ya rufe ido. Taku goma kafin kwalbati keke ya tsaya, ƙwai ko ɗaya bai fashe ba.

Ya miƙa wa wan mai ƙwai keken, ya ce a gaida mai jiki, in ya warke ya hau ba tare da fargaba ba. Wasu daga cikin 'yan layi suka fara gunaguni cewa a sake duba maganar, amma sakatare ya ce tsayuwar yau ba ta ɗora ƙashin jiya ba, hukunci yana nan, sai dai in Bahago zai nemi afuwa ya yi alkawarin dainawa. Bahago ya ce bai san laifin da zai nemi afuwarsa ba. Duk aka juya ana duban Shugaba. Baba ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya yi tari, ya koma rumfarsa.

Rana ta bakwai ya kwashe kayansa a kura. Bai yi nisa ba. Tsallaken kwalta kawai ya yi, ƙarƙashin bangon wani sito, daidai inda duk wanda ya ɗaga kai daga layin sai ya gan shi. Ya kafa sanda, ya rataye ƙaho a samanta a madadin allo. Da ya rage kaya na ƙarshe, sai ya bi ta rumfa ta farko. Baba na ciki shi kaɗai. A bayansa akwai tamfol da aka lulluɓe wani abu da shi, Bahago ya daɗe da lura da shi tun ranar taro. Bai nemi izini ba, ya ɗaga gefe. Kekunan dutse biyu ne, kowanne da ƙahonsa, an naɗe su tsaf da jan waya zagaye uku, birkinsu babu kwarkwaro.

Ya ciro wayar daga aljihu ya ajiye a kan akwatin kayan aiki. Ya ciro kwarkwaro huɗu ya jera kusa da ita.

"Baba, rumfata na bar muku, sunana ma na bari," in ji shi. "Amma in ɗayan waɗannan ya fita haka, wallahi da bakina zan faɗa."

Bahago ya tura kurarsa ya tsallaka.

Ƙarƙashin bango ba rumfa ba ce. Rana na dukansa daga hantsi har la'asar, ƙurar motoci na shiga giris, in hadari ya taso sai ya tattara komai a guje. Wasu abokan cinikinsa sun bi shi, wasu sun ji labarin mai ƙwai sun janye. Bai yi ƙorafi ga kowa ba. Matarsa ta ɗinka masa inuwa da tsofaffin buhuna, tana ɗinki tana mita.

Kwana tara da komawarsa, da hantsi, layin cike da mutane, ya ɗaga kai daga kan wata taya ya hango Baba a bakin kwalta. Yana riƙe da keke a kowane hannu, babu tamfol, jan wayar na ƙyalli a rana. Motoci suka hana shi wucewa, ya daɗe a tsaye, duk layin na kallon bayansa da abin da ke hannunsa. Sakatare ya fito har bakin rumfa da famfo a hannu ya tsaya turus. Bahago bai tashi ya taimaka ba. Ya bar tsohon ya tsallako da ƙafarsa.

Baba ya jingina kekunan a bango. Ya buɗe tafin hannu, ga kwarkwaro huɗu.

"Kwana tara ina juya su," in ji shi. "Ban gane ta inda wayar ke shiga ba."

Bahago ya dube shi, haushin na nan bai tafi ba, kuma bai yi ƙoƙarin ɓoye shi ba. Ya ce maganar rumfa kada ma a tayar, ba zai koma ba ko an zo da ganga. Ya ce mai ƙwai na gida da hannu a rataye, kuma akwai wanda ya kamata ya je ya gaishe shi ya faɗa masa gaskiya. Baba ya ce daga nan can za shi.

Sai Bahago ya matsa gefen benci. Ya ja akwatin kayan aikinsa daga hagu ya mayar da shi dama.

"Zauna, Baba. Ɗauki filaya."